Wa'adin Maƙwabcin Inna Hani

A Dakko, in ka tambayi gidan Malam Nasidi, manya ne za su nuna maka. In kana so yara su kai ka da gudu, sai ka ce gidan Inna mai macizai. Gida ɗaya ne. Malam Nasidi ya rasu shekara goma sha ɗaya ke nan, Allah ya jiƙansa. Matarsa tana nan da ranta, kuma ita ce kakata ta wajen uwa. Sunanta Ummu Hani, amma kowa Inna Hani yake ce mata, har surukanta.

Ba ta kama maciji, ba ta wasa da shi, ba ta kuma da maganin sara. Sana'arta daddawa ce, tun ƙarfinta har yanzu da sai an tafasa mata kalwar ta zauna ta gyara. Tatsuniya ce ta jawo mata sunan nan. Kowace tsohuwa a garin tana da tatsuniyoyinta, na kura da na zomo da na 'yar sarki, amma na Inna Hani in ka ji goma, takwas akwai maciji a ciki.

An haife ta a wani ƙaramin ƙauye na bakin gulbi a ƙasar Maradun. Ba ta san shekarar ba. Ta dai ce an kawo ta Dakko amarya a shekarar da naira ta fito, kan jaki, da tukwane biyu da tabarma da tatsuniyoyin da kakarta ta zuba mata a kai. Gidan da ta shigo gidan karatu ne. Mijinta yana koyarwa a zaure, ƙanensa Abdulmumini yana ɗaukar karatu wurinsa, kuma dukansu biyu suna cewa tatsuniya ƙarya ce mai ɓata wa yara lokaci. Ta ce ba ta taɓa yi musu musu ba. Sai dai ta lura duk ranar da ta tara yara bayan isha'i, muryar karatu a zaure raguwa take yi, har wani lokaci ta ɗauke gaba ɗaya sai ta kai ƙarshe.

A tatsuniyar wasu, maciji mugu ne, ko ya rikiɗe ya auri yarinya, ko ya sari wanda ya taimake shi. A ta Inna ba haka yake ba. Akwai wadda na fi so tun ina ƙarami. Wai maciji ya taɓa shiga makarantar allo. Malam ya ce ya ɗauki allo, ba hannu. Ya ce to ya tanƙwashe ƙafa ya zauna kamar kowa, ba ƙafa. Yara suka yi ta dariya, sai ya koma bayan danga yana saurare. In an biya karatu ya biya a zuci, in an yi rubutu ya yi nasa da cikinsa a kan rairayi. Shi ya sa har yau in ka fita da safe za ka ga rubutunsa a hanyar gona, sai dai ba wanda ya tsaya ya koyi karanta shi.

Akwai ta mesa wadda take miƙewa a kan gulbi da damina fatake su taka bayanta su haye, sharaɗinta ɗaya, kowa ya cire takalmi. Akwai ta kumurcin da aka naɗa alƙali tsakanin manomi da ɓera, saboda shi kaɗai ne ba shi da aljihun da za a sa masa wani abu.

In yara suka ce, “To Inna, in mutumin kirki ne, don me yake sara?” sai ta ce, “Wanda bai da hannun turewa, bai da ƙafar shuri, bai da muryar ihu, da mi kaka so ya ce maka ka taka ni?”

Kada a ɗauka ba ta san sharrinsu ba. Ƙanenta na ciki ɗaya kububuwa ce ta sare shi a gona yana saurayi, bai kwana biyu ba. Shi ya sa duk tatsuniyar da ta yi, kafin ta sallami yara sai ta sa sun maimaita mata: a kakkaɓe takalmi kafin a sa, kada a zura hannu a rami, in za a shiga ciyawa a tura sanda gaba.

Tana da rumbunta na kanta a ƙuryar gida, ƙarami, na ƙasa, a ɗore kan duwatsu, inda ake zuba mata geron gonar da mijinta ya bar mata. Shekara bakwai tana gaya wa mutanen gidan cewa tana da maƙwabci a ƙarƙashin rumbun nan. Ba ta ɓoye ba. In an tambaye ta yadda aka yi ɓera bai taɓa geronta ba alhali ya addabi kowa, sai ta ce maƙwabcinta ne ke gadi. In an ga ta zuba ruwa a tsingaro ta tura inuwar rumbu da bazara, sai ta ce na maƙwabci ne. Kowa ya yi dariya ya wuce. Mace ce da ta shekara hamsin tana cewa maciji ya yi alƙalanci, ya yi makaranta. Don haka aka sa wannan ma a cikin sauran. Ɗanta na ƙarshe, Kawu Tijjani, wanda ke zaune da ita a gidan, yakan ce mata in zai tafi gona, “Inna, a gaida maƙwabci.” Ta ce, “Zai ji, Auta.”

Abin da ya faru bara da bazara ba a gabana aka yi ba, ina Talata Mafara wurin ɗinki. Daga bakin Inna na ji shi, da bakin Husna matar Kawu Tijjani, kuma inda suka saɓa na bi ta Husna, don ita ba ta ƙara gishiri.

Ranar wata Talata ce, Kawu ya tafi kasuwar Mafara. Husna tana wanke-wanke, 'yarta Bushra da ta fara rarrafe tana kan tabarma a bayanta. Ta waiga ba ta gan ta ba. Ta hango ta can a inuwar rumbu, ta tsoma hannu a tsingaron ruwa tana facal-facal, ga kuma kan maciji ya leƙo daga tsakanin duwatsu, bai fi kamu ɗaya da hannun yarinyar ba. Husna ta ce ba ta san sa'ad da ta isa wurin ba. Ta dai ga kanta a tsakar gida da yarinya a ƙirji.

Da Kawu ya dawo da la'asar ya ji, ko ruwa bai sha ba. Ya ɗauko gora da galan na kananzir. Kafin ya isa, Inna ta ja kujerarta ta tsuguno ta zauna a gaban rumbun.

“Inna, ki tashi.”

“Ban tashi.”

“Ashe da gaske kike? Shekara bakwai muna kwana da maciji a gida?”

“Sau nawa na faɗa maka? Kai ne ma mai aiko mai da gaisuwa.”

“Inna, ɗiyata fa! Da ya sare ta?”

“Ya sare ta?”

“Sai ya sare ta za a kashe shi?”

Inna ta kau da kai. Amma ba ta tashi ba. Shi kuma ba ɗan da zai ɗaga uwarsa daga kujera ba ne. Sai ya ajiye gorar ya tafi ya kira Malam Abdulmumini.

Malam Abdulmumini ya haura saba'in, shi ke riƙe da zauren karatun tun rasuwar wansa, kuma maganarsa ce ke raba gardama a dangi. Tsakaninsa da Inna akwai wasan ƙanen miji da matar wa, wanda tsufa bai rage masa komai ba. Ya shigo da sallama, aka shimfiɗa masa buzu, aka gaisa: ina wuni, ina gajiya, ya zafi, ya jikin, ya ƙafar, ya yara. Sai da aka ƙare duka sannan ya dube ta.

“Amaryata, ashe kin yi wani mijin a bayan rumbu ban sani ba.”

“Awo. Na ga kai ba ka iya kama ɓera.”

“Wane iri ne?”

Kawu ya ce kumurci ne. Inna ta ce ƙarya ne, bai gan shi ba ma. Husna ta ce ita dai kai ta gani, mai ruwan ƙasa, ba ta tsaya duba sauran ba. Inna ta ce shekara bakwai ko kaza bai taɓa ba, kuma tun da Malam mai karatu ne, ya faɗa mata abin da littafi ya ce game da haƙƙin maƙwabci.

“Wanga haƙƙin na ɗan Adam ne, Hani.”

“To shi da wa ya yi maƙwabtaka, da jaki?”

Malam ya yi dariya har da tari. Sannan ya gyara zama ya yi maganar gaske. Ya ce ba za a bar maciji a gidan da ke da mai rarrafe ba, wannan babu ja a ciki. Amma kuma macijin da aka samu zaune cikin gida ba a afka masa haka nan. Ana yi masa gargaɗi tukuna, a roƙe shi da Allah ya fita. In ya fita, shi ke nan. In ya ƙi, a kashe shi, ba laifi a kan kowa.

Kawu ya ce, “Sau uku ne ai, Baba Malam. A faɗa mai yanzu sau uku, in gama da shi kafin magariba.”

Malam ya ce malamai sun saɓa. Wasu sun ce sau uku, wasu sun ce kwana uku. Ya dubi Kawu, ya dubi Inna da ke riƙe da gefen kujera da hannu biyu.

“Kwana uku za mu ɗauka. Laraba, Alhamis, Juma'a. In Asabar ta waye yana nan, Tijjani, gorarka ce. Ke kuma ba za ki zauna a gaba ba.”

Ta ce ta ji. Kawu ya kafa nasa sharaɗin: Bushra ba za ta sauka daga bayan uwarta ba, kuma daga faɗuwar rana ba mai zuwa kusa da rumbu, har Inna.

Laraba da hantsi Malam ya zo da sandarsa, ya tsaya nesa kaɗan da rumbu ya ɗaga murya. “Kai da ke cikin nan, muna roƙonka da Allah ka fita daga gidanga, kada ka cutar da mu, kada mu cutar da kai. In munka gan ka bayan kwana uku, za mu kashe ka.” Ya juya zai tafi, Inna ta ce, “Haka aka sallamar baƙo a gidanku? Ko sannu babu?” Ya ce, “Ke ki yi mai sannun, ke kika san harshenai.”

Ta kuwa ɗauki maganar. Yana fita ta ja kujera zuwa inuwar rumbu.

A wurinmu ba a tatsuniya da rana. Tun muna yara ake ce mana wanda ya yi zai ɓata a hanya, kuma Inna ce ta fi kowa tsare wannan. Ko kuka yaro ya yi mata da rana, sai ta ce ya jira duhu. Amma an hana ta rumbu da dare, kuma ta ce ko ba a hana ba, da dare maƙwabcin yana wurin aikinsa. Don haka da rana tsaka, a karo na farko tun zuwanta Dakko, ta buɗe baki ta ce, “Ga ta nan, ga ta nanku.”

Ba wanda ya amsa. Tatsuniya kuwa ba ta tafiya sai an ce ta zo. Husna tana jin ta daga madafa, ta ce sai da Inna ta jira, ta sake faɗa, sannan ta sirantar da murya kamar ta yaro ta amsa wa kanta.

Husna ta leƙo. “Inna, da rana? Ba ki tsoron ɓata?”

“In ɓata in je ina? Daga ɗaki sai rumbu sai bayan gida.”

Ta yi masa ta wani gamsheƙa da ya sauka gidan wata gwauruwa da damina, ya zauna har kaka, ranar da ya ji an fara share ɗaki don baƙi sai ya naɗe kansa ya fita tun ba a ce masa ba, ya je ya sami wani tsohon suri mai ɗakuna goma sha biyu, ya zama mai gida. Husna ta ce ba ta taɓa jin wannan ba, kuma tana zaton a nan take Inna ta ƙirƙire ta. Da yamma aka ga kan maƙwabci a bakin tsingaro, ya sha ruwa ya koma.

Alhamis Malam ya sake zuwa ya yi gargaɗi na biyu. Inna ta sake jan kujera. Muryarta ta ɗan dushe, don ranar Laraba tatsuniya huɗu ta yi a jere. Ta ce, “Ga ta nan, ga ta nanku,” ta yi shiru tana tara numfashin amsa wa kanta. Husna tana tankaɗe a ƙofar madafa da Bushra a baya. Ta ce ita ma ba ta shirya ba, bakinta ne kawai ya ce, “Ta zo mu ji ta.”

Inna ta waigo ta dube ta, ta ci gaba.

Da ta ƙare, Husna ta kawo mata kunu, ta tsuguna daga nesa, ta tambaye ta abin da ba wanda ya taɓa tambaya a gidan: me maciji ya yi mata haka?

Inna ta ce wannan ba tatsuniya ba ce. Tana 'yar shekara takwas ko tara gulbi ya cika ya shigo ƙauyensu da asuba. Ubanta ya ɗora ta a kan wata tsamiya, ya ce kada ta motsa, ya koma ɗauko sauran. Ruwa ya raba su. Da gari ya waye sosai ta ga ba ita kaɗai ce a reshen ba. Wani baƙin maciji ya naɗe a gabanta, shi ma ruwan ya koro shi. In ta miƙa ƙafa za ta taɓa shi. Ƙasa ruwa, sama ba wani reshe. Ta yi kuka har ta gaji, shi ko bai motsa ba. Da kukan ya ƙare, tsoro bai ƙare ba, sai ta fara yi masa tatsuniyar kakarta, don ita kaɗai ta iya. Ta yi duk waɗanda ta sani, ta sake daga farko. Sai la'asar masu jirgi suka zo. Da suka gan shi wani ya ɗaga sandar tuƙi, ta riƙe masa riga tana ihu har ya fasa.

“Wuni guda, ɗiyata. Yana da abin da zai kashe ni a bakinai, bai yi ba. Mutane nawa kika sani haka?”

Husna ta gyara goyonta. Tsoronta bai tafi ba, don duk sa'ad da ta rufe ido hannun Bushra take gani a cikin tsingaro. Amma ta fahimci abin da Asabar za ta yi wa tsohuwar nan. Sai ta ce, “Inna, in faɗi wata magana ba za ki ji haushi ba?”

“Faɗi.”

“Kina ce mai ya tafi, kina ba shi ruwan sanyi, kina yi mai hira. Ko ni ce ba inda za ni.”

Inna ta dubi tsingaron, wanda ta cika da safe kamar kullum. Ta ce, “Uwarki ta haifi ɗiya.” Ta sa sanda ta jawo shi, ta kifar da ruwan a ƙasa.

Duk da haka Juma'a da safe, da Malam ya zo gargaɗi na uku, ga sabon sawu a ƙurar gindin rumbu, ya fita ya dawo. Kawu ya gani, sai ya jingina gorarsa a ƙofar ɗaki inda kowa zai gan ta. Malam bai yi wasa ranar ba. Ya faɗi kalmominsa, ya ce wa Inna, “Sai haƙuri, Hani,” ya fita.

Ranar ba ta yi tatsuniya ba. Ta jira har maza suka yi wanka suka tafi masallaci, gida ya rage daga ita sai Husna da goyonta. Sannan ta ce a kawo mata kasko da garwashi, da ƙaiƙayi, da busasshen barkono cikin tafi biyu.

A katangar baya, taku goma daga rumbu, akwai ƙofar da ruwan sama ke bi ya fita zuwa gonaki. Inna ta sa Husna ta janye itacen da aka tara a wurin, ta kawar da turmi, ta share hanyar tas. Husna ta kawo bokitin ruwa ta ajiye saboda jinkar rumbu, kada tartsatsi ya kama ta. Ta ƙara ɗaure goyo da gyale na biyu, ta ɗauki taɓarya ta tsaya ta gefen ɗakuna. Ta gaya wa Inna gaskiya: in ya nufo ta, za ta buga.

“In ya nufo ki, ki buga,” in ji Inna.

Ta durƙusa da ƙyar, ta zuba ƙaiƙayi da barkono a kan garwashin, ta tura kaskon da sanda ƙarƙashin rumbu ta ɓangaren da ba na katanga ba, ta shiga fifita da faifai. Hayaƙin barkono ba ya tambayar wanda aka yi domin shi. Inna ta yi tari har ta dafa ƙasa, hawaye na zuba, Bushra ta farka ta tsala kuka, Husna na atishawa tana ƙoƙarin buɗe ido. Tsakanin tari Inna tana cewa, “Fita. Ban son ka. Fita, na ce, gidan ba naka ba ne.”

Ya fito. Husna ta ce ya kai tsawon taɓaryar hannunta, mai ruwan ƙasa, da wani tsohon tabo kusa da wutsiya. Bai nufi katanga ba. Hayaƙi ya ruɗa shi, ya miƙo tsakar gida, wajen ɗakinta.

Ta ɗaga taɓarya. Ta ce tana ganin inda za ta sauke ta, a bayan kai, kuma ta san ba za ta kuskure ba. Inna ba ta ce mata kada ba. Tana durƙushe da faifai a hannu, ta rufe ido. Sai Husna ta sauke taɓaryar a ƙasa, taku biyu a gabansa, da duk ƙarfinta. Ta sake bugawa, ta sake, kamar mai daka. Ya tsaya, ya ja baya, ya juya. Ta bi shi tana dukan ƙasa a gefensa har ya sami sharar hanyar, ya bi gindin katanga, ya zura kai a ƙofar ruwa. Wutsiyar ce ta ƙarshe.

“Inna, buɗe ido. Ya tafi.”

Inna ta ce a kawo dutse da laka. Husna ta ce ta bari Kawu ya dawo ya toshe. Inna ta ce a'a. In macijin ya dawo gobe Auta zai kashe shi, kuma yana da gaskiya, don haka ita za ta rufe. Ta ja jiki zuwa katanga, ta cusa dutsen, ta liƙe da laka da hannunta, ta shafe. Sannan ta zauna a wurin ta jingina da katangar. Husna ta ce ba ta san ko hawayen na barkono ne har lokacin ba, kuma ba ta tambaya ba.

Asabar da safe Kawu ya zo da gora da maƙwabta biyu, Malam na biye. Suka zungura ƙarƙashin rumbu ta kowane gefe, suka haska da tocila, ba komai sai toka da tsohuwar saɓa. Kawu ya ce ko ya shige cikin geron ne. Husna ta ce ya fita jiya, da idonta ta gani, ta nuna masa ɗanyar lakar. Malam ya sunkuya ya shaƙi gindin rumbun, ya yi atishawa uku a jere.

“Amaryata, wace tatsuniya ce wagga mai yaji haka?”

“Wadda ba a koya a zaure.”

“To. Ya fita cikin wa'adi, ba wanda ke da hanya a kansa. Tijjani, mai da gorarka.”

Kawu ya daɗe tsaye yana kallon lakar, da sawun yatsun uwarsa a jiki. Da damina ta zo bai fasa ta ba, sai ya huda wata ƙofar ruwan a can gefen zaure, ya sa mata raga.

Kafin kaka ɓera ya shiga rumbun Inna. Yanzu a buhu ake zuba geronta, a ɗakin Kawu. Ya kawo mata kyanwa daga Mafara, ta ce ta gode, amma ba ta ga aikin da take yi ba ban da kwana a kan tabarmar salla. Tatsuniya kuwa tana nan tana yi in yara sun samu, ko da yake zaman waje bayan isha'i ya ragu a ƙasarmu, sai dai a cikin ɗaki. Husna ta ce yanzu ita ma takan ajiye aiki ta shiga.

Watan jiya na je gaishe ta. Da zan tafi ta rako ni har ƙofar zaure tana dogara sanda, ta tsaya tana kallo ina tayar da babur.

“Kai, mijin banza, mai zuwa hannu sake.”

“Na kawo miki goro fa, Inna.”

“Na gani, duk ya bushe. Ji nan. Kana gudu a hanyar Bakura, an faɗa mini.”

Na ce zan rage.

“In ka ga wani yana tsallaka titi, ka taka birki ka bari ya wuce. Ban san inda ya koma ba.”